Hanyar Carl Rogers: Jinyar Damuwa Ta Hanyar Sauraro

Kwanakin baya wani ƙanena da ke harkar albasa a nan kudu ya yi asarar mota guda ta kaya. Ya daina cin abinci sosai, barci ya ƙaurace masa. Duk wanda ya zo gaishe shi da shawararsa a baki: wannan ya ce ya koma gida Arewa, wancan ya ce ya ci bashi ya sake sari, wani ya ce ai namiji ba ya raki. Ni ma na tofa tawa. Sai da muka zauna mu biyu wani dare, na yi shiru don na rasa abin faɗa, sannan ya buɗe baki. Ashe ba kuɗin ne ya fi ci masa rai ba, jarin na mahaifiyarmu ne, kuma ya rasa da wane ido zai kalle ta. Mako uku muna ba shi maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba.

Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa masu karatu bayanin wata hanyar jinyar damuwa da aka gina a kan sauraro, da mutumin da ya assasa ta.

Wane ne Carl Rogers?

Masanin halayyar ɗan Adam ne ɗan Amurka. An haife shi a 1902 a Oak Park, kusa da birnin Chicago, ya rasu a 1987 a jihar Kalifoniya. Da farko aikin gona ya fara karantawa a jami'a, ya koma tarihi, ya shiga makarantar horar da malaman coci a New York, daga bisani ya bar ta ya kama ilimin halayya. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Columbia a 1931.

Ya shafe kimanin shekara 12 yana aiki da yara masu matsala a garin Rochester. A can ne, kamar yadda ya ba da labari da kansa, ya daɗe yana fama da wata uwa mai ɗa gagararre, yana ta ƙoƙarin nuna mata inda ta kuskure, abin ya ƙi ci. Suka haƙura, suka yi sallama. Har ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta tambaye shi ko yana duba manya. Ta dawo ta zauna, ta amayar da abin da ke cikinta game da aurenta da halin ƙuncin da take ciki. Daga nan ne aka fara samun sauƙi. Darasin da ya ɗauka shi ne abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda hanyar ta samo asali

A wancan zamani makarantu biyu ne ke tashe a ilimin halayya. Ta farko ta Sigmund Freud ce, wadda ke ganin abin da ke juya mutum yana ɓoye can cikin zuciya tun yarinta, sai ƙwararre ya tono ya fassara masa. Ta biyu ta su B. F. Skinner ce, wadda ke kallon hali a matsayin abin da lada da horo suka koyar. Rogers da Abraham Maslow da wasu suka ce duka biyun sun rage wa mutum daraja, don mutum yana da zaɓi, yana kuma da ƙarfin gyara kansa idan ya sami yanayin da ya dace. Shi ya sa ake kiran tafiyarsu makaranta ta uku, wato ilimin halayya mai fifita mutuntaka. Maslow shi ne wanda a 1943 ya jera buƙatun ɗan Adam hawa-hawa, daga ci da sha da tsaro, zuwa ƙauna da mutunci, har zuwa cikar burin mutum a kan kansa.

Rogers ya ƙi kiran wanda ya zo wurinsa majinyaci, don kalmar tana sa mutum ya kwanta ya jira a yi masa. Ya shimfiɗa ra'ayinsa a littattafan da ya fitar a 1942 da 1951 da 1961. Yana kuma cikin na farko da suka naɗi zaman jinya a faifan garmaho domin a saurara a ga me ke aiki, me ba ya aiki.

Sharuɗɗa uku

A 1957 ya rubuta sharuɗɗa shida da ya ce sai da su canji ke samuwa. Uku daga ciki, waɗanda suka rataya a wuyan mai sauraro, su suka fi shahara.

Na ɗaya, gaskiya. Kada mai sauraro ya sa fuskar aro. Abin da ke bakinsa ya dace da abin da ke zuciyarsa, don mai damuwa yana saurin gane murmushin ƙarya.

Na biyu, karɓar mutum ba tare da sharaɗi ba. A nan ne mutanenmu suka fi yi wa hanyar gurguwar fahimta. Ba ana nufin ka yarda da laifin da ya aikata ba ne. Ana nufin darajarsa a wurinka ba za ta zube ba saboda abin da ya faɗa maka. Matashin da ya faɗa shaye-shaye, in ya san tsawa ce ke jiransa, to ba zai taɓa faɗin gaskiya ba.

Na uku, shiga rigar mutum, wato ka ji abin kamar yadda shi yake jinsa, ba tare da ka manta kai ba shi ba ne. A aikace, mai sauraro yakan mayar wa mutum abin da ya fahimta da nasa kalmomin, kamar ya ce: "In na gane ka, kunyar Inna ta fi asarar yi maka nauyi, ko?" In daidai ne, mutumin zai ci gaba. In kuskure ne, zai gyara maka, kuma wajen gyaran ne shi ma yake ƙara fahimtar kansa.

Sukar da ake yi mata

Masana da dama sun yarda sharuɗɗan suna da muhimmanci, amma ba su yarda sun wadatar a kowane ciwo ba. Binciken da Rogers ya jagoranta a jihar Wisconsin a kan masu tsananin taɓin hankali bai ba da sakamakon da ya yi fata ba. Akwai kuma masu cewa hanyar ta ginu ne a kan rayuwar Amurkawa, inda mutum ke yanke hukunci shi kaɗai, alhali a wurinmu iyaye da dangi da addini duk suna da ta cewa. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ni a ganina sauraro bai kore nasiha ba, yana gabanta ne. Nasihar da ta biyo bayan sauraro ta fi shiga.

Duk da sukar, tasirinta ya bazu cikin horar da masu ba da shawara a makarantu da asibitoci. Shi kansa Rogers a ƙarshen rayuwarsa ya kai ta fagen sulhu, ya zaunar da 'yan Katolika da 'yan Furotesta na Ireland ta Arewa, ya kuma je Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata ya haɗa baƙaƙe da farare wuri guda.

Abin da ya shafe mu

Mu da ke zaune a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Ama Hausa ta Owerri, yawancinmu mun baro waɗanda muka saba kai wa kuka a gida. Nauyin sai ya koma kan sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa da matan aure da ake shiga ɗakunansu. Duk mai wannan matsayi zai amfana da abu uku: ya bari mutum ya kai aya, ya maimaita abin da ya ji kafin ya ba da shawara, ya kuma riƙe sirri.

Amma a kula. Wanda ya fara jin muryoyin da babu su, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana sambatu, ko ya ambaci kashe kansa, sauraro kaɗai bai isa ba, a gaggauta kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba ta Legas, da Aro ta Abeokuta, da Benin, da Enugu, da Kalaba.

Ƙanen nawa dai ya kira Inna da kansa bayan kwana biyu. Ban ce masa ya kira ba.