Yadda aikin huhu ya samu lamba

A shekarar 1897, a garin Freiburg na Jamus, likita Gustav Killian ya zura bututun ƙarfe ta maƙogwaron wani manomi, ya zaro ƙashin da ya maƙale masa a hanyar numfashi. Ko ƙirjinsa ba a tsaga ba.

Sai a 1966 Shigeto Ikeda na Japan ya fito da bututu mai lanƙwasuwa. A shekarar ce kuma Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fara buga kundin CPT, wanda ya ba ayyukan likita lambobi, kamfanonin inshora kuma suka riƙa biya da su. A yau leƙa hanyoyin huhu kawai lambarsa 31622, ciro abin da ya maƙale kuwa 31635. Idan ma'aikacin asibiti ya kuskure lamba, inshora na iya ƙin biya, takardar bashi ta faɗo kan majiyyacin da bai ji ba bai gani ba.