Jelin Hayaluron a Ilmin Likitanci

Hayaluron wani sinadari ne daga jinsin sukari mai dogon zare, wanda Allah cikin hikimarSa ya sanya a fata da ruwan gaɓɓai da cibiyar jariri da cikin ƙwayar ido, mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, kuma mai riƙe ruwa ƙwarai. Malamai biyu na Jami'ar Kolombiya ta Amurka, Karl Meyer da John Palmer, su ne suka fara tsamo shi daga idon saniya a shekarar 1934.

Da yake jiki yana narkar da shi cikin 'yan kwanaki, sai masana suka yi dabarar ɗaure zarurrukansa juna da juna da wasu sinadarai, har ya zama jeli wanda zai daɗe watanni bai narke ba. Da farko daga zankon zakara ake samo hayaluron ɗin da likitoci ke amfani da shi. A yanzu galibi ƙwayoyin bakteriya ake kiwo su samar da shi.

Babbar fa'idarsa ta bayyana a tiyatar yanar ido, domin tun daga 1980, sa'ad da wani nau'insa mai suna Healon ya shiga hannun likitoci, akan ɗura shi cikin ido ya tokare wurin aiki, ya kuma kare sassan ido masu laushi daga kaifin kayan fiɗa. Ana shimfiɗa shi kan miki da ƙuna, ana cike tamojin fuska da shi. Amma allurarsa a gwiwa saboda amosanin gaɓɓai mas'ala ce da likitoci suka yi saɓani a kanta, alhali wasu marasa lafiya sukan ce sun sami sauƙi.