Guringuntsin gwiwa: daga yasarwa zuwa ɗinki

A cikin kowace gwiwa akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta gefen ciki ɗaya ta waje, suna zaune tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kamar gammo tsakanin kai da kaya. Likitoci na ce musu meniskos. A tsakiyarsu kuma jijiyoyi biyu suka gicciye juna suna riƙe ƙasusuwan, kuma ta gaba, wadda ake kira ACL, ita ce ta fi tsinke wa 'yan ƙwallo.

Abin mamaki, gyaran ba sabon abu ba ne. A 1885 Thomas Annandale na Edinbura ya ba da rahoton ɗinke guringuntsin wani majinyaci, mutumin kuma ya koma bakin aiki. Sai dai a 1897 John Bland-Sutton ya ce wannan guringuntsi ragowar tsoka ne marar amfani, maganar kuwa ta zauna daram. Shekaru da dama, duk wanda ya yage sai a yanke shi gaba ɗaya a yar. Majinyaci na samun sauƙi nan take, shi ya sa ba wanda ya tsaya bincike.

Lokaci ne ya tona asiri. A 1936 Don King ya nuna a jikin karnuka cewa yagewar da ke kusa da gefe, inda jini ke kaiwa, tana warkewa. A 1948 Thomas Fairbank ya duba hotunan gwiwoyin da aka cire wa guringuntsi, ya ga ƙasusuwan sun matso juna, kansu ya baje. Hanyar amosanin gaɓɓai ke nan. Duk da haka an ɗauki shekaru kafin a saurare shi. Ɗabi'ar hannu ta fi hujja ƙarfi, har a ɗakin tiyata.

A ɓangaren jijiya kuwa, a 1950 Don O'Donoghue a Amurka ya siffanta raunuka uku da ke zuwa tare: tsinkewar ACL, da jijiyar gefen ciki, da guringuntsin ciki. A 1991 Shelbourne da Nitz suka gyara masa zance: a ranar rauni, na waje ne ya fi yagewa, domin lokacin da gwiwa ta murɗe, ƙasusuwan ta wannan gefen suke dannewa.

To yaushe na ciki ke shiga uku? Daga baya. Gwajin Levy da abokan aikinsa a 1982 ya nuna cewa idan ACL ta tsinke, guringuntsin ciki ne ke tare ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba, aikin da ba a halicce shi dominsa ba. Kumburi ya sabe, mutum ya koma fili, gwiwa ta riƙa sullewa a kowane juyi, guringuntsin yana cinyewa a hankali har ya tsage. A shekarar dai Arnoczky da Warren suka tabbatar jini bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na gefensa ba, don haka tsagar tsakiya da wuya ta haɗe.

Na'urar leƙa cikin gaɓa, wadda Masaki Watanabe ya inganta a Japan, ta sauƙaƙa aikin. Ɗalibinsa Hiroshi Ikeuchi ya yi ɗinkin farko da ita a 1969. Yau likita na ƙoƙarin ceto duk abin da zai cetu, kuma ɗinkin ya fi kamawa idan an haɗa shi da gyaran jijiyar.

A wajenmu irin wannan rauni targaɗe ake ce masa, a kai wa mai ɗori ya ja ya ɗaure. Hoton ƙashi ma ba ya nuna jijiya ko guringuntsi, sai na MRI. Wanda ya ji ƙara a gwiwarsa, ta kumbura a ranar, daga baya tana sullewa ko tana maƙalewa, ya nemi likitan ƙashi kafin ya sake ɗaura takalmin ƙwallo.