Ziyararmu Elmina, Gidan da Ya Juya Akalar Fatauci

A cikin shirye-shiryen bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mu da muka sauke kaya a Akra mun ware yini guda muka nufi Elmina, garin masunta da ke yamma kaɗan da Cape Coast. Tun daga nesa ake hango farin ginin a kan dutse, teku na dukan gindinsa, tsofaffin igwogi na jere a kan katanga.

Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, kuma zinariya ce ta kawo su. Kafin zuwansu, zinariyar ƙasar Akan arewa take bi, ta hannun fataken Wangarawa, ta ratsa Sahara. Da aka kafa wannan gida, sai wani kaso mai yawa ya juya ya nufi jiragen ruwa. Mu da muka sha ganin yadda rufe iyaka guda ke kashe kasuwa ta raya wata, ba mu buƙaci dogon bayani ba.

A 1637 Turawan Holan suka hau tudun da ke fuskantar ginin, suka yi ta ɓarin wuta daga sama har 'yan Fotugal suka miƙa wuya. Don kada a yi musu irin haka, suka gina sansanin soja a kan tudun, wanda ake kira St. Jago. Mun hau, da haki. A 1872 Ingila ta karɓi wurin, kuma a nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi ƙasar.

Ɗakunan ƙasa ne suka sa muka yi tsit. Nan ake cusa bayi cikin duhu, iska sai ta ɗan rami, har ranar da za a fitar da su ta wata siririyar ƙofa zuwa jirgi. Muna alfahari da kakanninmu da suka bi ayari zuwa Gwanja sayen goro, amma Salaga ɗin da suke sauka babbar kasuwar bayi ce, kuma an kora mutane da yawa daga arewa zuwa kudu ta waɗannan hanyoyi. Wani dattijo a cikinmu, wanda kakansa madugu ne, ya daɗe a tsaye bakin ƙofar. Sai da direba ya aiko sau biyu sannan ya fito.