Tuna Baya: Alhaji Adegoke Adelabu Da Siyasar Badun

Yaranmu da aka haifa a nan Sabo sun san kasuwar Adelabu, amma in ka tambaye su wane ne mai sunan, sai su yi shiru. Alhali kuwa akwai lokacin da babu mai tasiri a garin nan kamarsa, kuma abin da ya yi ya taɓa iyayenmu har cikin rumfunansu na goro da shanu.

An haife shi a Badun a 1915. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Badun, daga nan ya wuce babbar kwaleji ta Yaba a Ikko, ya yi aiki da kamfanin UAC har ya kai manaja. Musulmi ne, ɗan gari ne gaba da baya, ga boko ga baki. Waɗannan su ne jarinsa.

A zaɓen 1951, jam'iyyar 'yan gari mai suna Ibadan People's Party ta cinye kujeru 6 na Badun a Majalisar Jihar Yamma. Da aka zo zama, biyar daga cikinsu, har da Cif Adisa Akinloye, suka koma jam'iyyar Action Group ta Cif Awolowo. Adelabu kaɗai ya tsaya tare da NCNC ta Dokta Azikiwe. Wannan sauya sheƙa na cikin abin da ya ba Awolowo rinjaye, daga baya Azikiwe ya tattara ya koma Jihar Gabas. Masu lissafi a lokacin sun ce Adelabu ya yi wauta, ya bar inda ake rabon mukami.

To amma shi ya san mutanensa. Talakan Badun yana jin haushin ƙarin harajin da gwamnatin Action Group ta ɗora don ilmi da lafiya, yana kuma ganin jam'iyyar ta 'yan Ijebu ce da 'yan boko. Adelabu ya haɗa mafarauta, manoma, 'yan kasuwa da masu unguwanni cikin ƙungiyar Mabolaje, ya ɗaura ta da NCNC. A 1954 suka kwashe zaɓen majalisar gundumar Badun, ya zama shugabanta a Mapo. A ƙarshen shekarar kuma NCNC ta ba kowa mamaki, ta fi Action Group kujeru a Jihar Yamma a zaɓen tarayya, sai aka naɗa shi Ministan Albarkatun Ƙasa da Jin Daɗin Jama'a a Janairun 1955. Har yau ana ba da labarin yadda ya kwashi makaɗa zuwa gidan minista a Ikoyi, Turawan unguwar suka kasa barci.

Nan ne maganar ta shafe mu. Tun 1916 da aka yanka wa Hausawa Sabo, zamanmu ya rataya ne a kan hukumar gari. Fili nata ne, izinin gini nata ne, ita ke da kasuwa, ita ke karɓar haraji. Muddin Turawa na mulki ta hannun sarakuna, Sarkin Hausawa yana da wanda zai kai wa kuka kuma a saurare shi. Da aka rushe tsarin En'e a farkon shekarun 1950 aka kawo kansiloli na zaɓe, sai iyayenmu suka wayi gari tsakanin wuta biyu: majalisar Mapo a hannun Adelabu da NCNC, gwamnatin jiha a Agodi a hannun Awolowo. Ka bi wannan, wancan ya sa maka ido. Ga shi kuma a gida NEPU ta Malam Aminu Kano ta ƙulla ƙawance da NCNC a 1954, don haka ko ɗan tireda ya ce shi ba ruwansa, sai an yi masa fassara. Ba banza ba ne a cikin waɗannan shekaru ne mutanen Sabo suka rungumi Tijjaniyya ƙwarai, suka kuma tsayar da Juma'arsu daban a 1952. Sun ga rumfar da suke fakewa ta yaye, suka nemi wata.

Kada mu yi wa mamaci ƙarya, ba waliyyi ba ne. Gwamnatin jiha ta kafa binciken Nicholson a kan majalisar gundumar, rahoton ya same shi da laifin almundahana, kuma a 1956 ya bar kujerar minista. Magoya bayansa sun ce bi-ta-da-ƙulli ne. Mu dai a ganinmu duka biyun na iya zama gaskiya, don wanda ya kafa binciken abokin hamayyarsa ne, amma hakan bai wanke duk abin da aka tono ba. Abin mamaki, farin jininsa ƙaruwa ya yi. Kalmarsa ta Turanci da makaɗa suka mayar Penkelemesi ta zama laƙabinsa.

A zaɓen jiha na 1956 Action Group ta sami kujeru 48, NCNC 32. Adelabu ya so zama Firimiya, sai ya ƙare a shugaban 'yan hamayya a majalisa. Ya halarci taron tsarin mulki a Landan a 1957, ya kuma sauke farali a shekarar.

Ranar 25 ga Maris, 1958, yana dawowa daga Ikko, ya yi haɗarin mota a wajen Shagamu, ya rasu yana da shekara 42. Nan take jita-jita ta bazu cewa maƙiya ne suka yi masa asiri. Badun da ƙauyukanta suka kama da wuta, aka ƙona gidajen 'yan Action Group, aka kashe mutane, aka kama ɗaruruwa, wasu aka yanke musu hukuncin kisa. Bayansa Mabolaje ta dare, NCNC ba ta sake samun mai riƙe mata Badun irinsa ba. Bai ga 'yancin 1960 da ya yi wa fafutuka ba. Allah ya jiƙansa.

Jikansa, Adebayo Adelabu, shi ne aka naɗa Ministan Wutar Lantarki a 2023.