Yadda Gashin Ƙashin Baya Ya Samu Gurbi a Asibiti

Tun kafin zuwan asibitin Turawa, mai ciwon gadon baya a Bauchi ya san inda zai nufa. Maɗori zai lalube shi ya danna, wanzami ya kafa masa ƙaho a tsakanin kafaɗu, a gida kuma a gasa wurin da ruwan zafi a shafa man kaɗanya. Hannu dai ya daɗe yana wannan aiki. Sabon abin da likitocin gashin ƙashi suka kawo shi ne binciken da ake yi kafin a ɗora hannun, kuma a ganina nan ne darajar sana'ar take.

Su ma Turawa daga maɗoransu suka koya. A 1867 wani babban likitan fiɗa na Ingila, James Paget, ya yi lacca a kan cututtukan da maɗora ke warkarwa, ya shawarci 'yan'uwansa su ɗauki abin kirki daga aikinsu su bar mai cutarwa. Daga baya James Mennell ya koyar da sarrafa gaɓoɓi da hannu a asibitin St Thomas na Landan, sai kuma Geoffrey Maitland na Ostareliya ya fitar da littafinsa a 1964, inda ya kasa dannawa mataki-mataki, daga mai taushi zuwa mai ƙarfi, tare da sake duba majiyyaci bayan kowace.

A Najeriya yaƙi ne ya kawo sana'ar. A 1945 ƙwararru biyu daga Birtaniya suka fara aiki a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, suna kula da sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Biyu. Jami'ar Ibadan ta buɗe karatun digiri a 1966, bayan shekara goma kuma Farfesa Vincent Nwuga na Ile-Ife ya wallafa littafi a kan sarrafa ƙashin baya da hannu, har yau ana koyar da dabarunsa. A 1988 aka yi dokar kafa hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista. Arewa ta makara, domin sai da aka buɗe makaranta a asibitin ƙashi na Dala, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero, sannan yaranmu suka samu wurin koyo a kusa. A Bauchi kuwa, tsohon Asibitin Ƙwararru ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 2010.

Tsakiyar baya ce ta fi nuna dalilin wannan doguwar hanya. Ƙasusuwa 12 ne a jere, haƙarƙari na ɗaure da su, laka na ratsa su, zuciya da huhu na gabansu. Telan kasuwar Wunti da ya wuni a duƙe kan keke zai ji wurin ya sage, irin wannan hannu da motsa jiki sukan sauƙaƙa shi. Amma a daidai nan ne tarin fuka ya fi cin ƙashin baya, cutar da Percivall Pott ya bayyana tun 1779, kuma ba ta bar ƙasarmu ba. Ƙashin da ta rarake, in aka danna shi da ƙarfi, yana iya burmawa ya matse laka, ƙafafu su shanye. Shi ya sa ƙwararre ke fara da tambaya: Baba, ciwon yana hana ka barci? Kana rama? Kana zufa da dare? In amsar ba ta nuna haɗari ba, sai ya kwantar da majiyyacin rubda-ciki, ya bi ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya da tushen tafin hannu, yana lura da inda ya ƙage da inda mutum ya zabura. In amsar ta ba shi tsoro, sai ya tura shi ɗaukar hoto.

Wani zai ce maɗori ya fi kusa, ya fi araha, kuma mutane suna samun sauƙi a hannunsa. Gaskiya ne, kuma ba a raina gwanintar da aka gada kaka da kakanni. Sai dai yawancin ciwon baya yakan lafa da kansa, ko wa ya taɓa shi, don haka ba a nan ake gane bambanci ba. Ana gane shi ne a kan mutum ɗayan nan da bai kamata a danna ba. Wasu likitoci kuma sukan ce sauƙin da hannu ke kawowa ba ya daɗewa. Bincike ya goyi bayansu a kan haka, shi ya sa masu sana'ar yanzu suke haɗa shi da atisayen da mutum zai ci gaba da yi a gida da gyaran yadda yake zama a wurin aiki. Babbar matsalar ita ce ƙwararrun sun yi kaɗan, akasarinsu kuma suna manyan asibitocin birni, alhali mai ciwon baya daga ƙauyukan Dass ko Ganjuwa maɗori yake fara gani. Ya dace asibitocin Bauchi su zauna da maɗoran nan, su koya musu alamun da ke nuna a tura mutum asibiti tun ƙafafunsa ba su fara nauyi ba.