Tauraron Ɗan Adam da Aikin Shawo Kan Bala'o'i: Bayani ga Al'ummar Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Ambaliyar ruwa na cikin manyan bala'o'in da ke addabar Jihar Jigawa, musamman daga watan Yuli zuwa Satumba. A shekarun 2012, 2020 da 2022 ruwa ya cinye gonaki, ya rusa gidaje, ya kuma yanke hanyoyi a ƙananan hukumomi da dama na jihar. A faɗin Nijeriya kuwa, ambaliyar 2012 ta yi sanadiyyar rasuwar mutane 363 tare da raba fiye da miliyan 2 da muhallansu, yayin da ta 2022 ta hallaka sama da mutane 600. Wannan bayani yana fayyace yadda ake amfani da tauraron ɗan Adam wajen rage irin wannan asara, da kuma rawar da ta rataya a wuyan mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi.

Mene ne tauraron ɗan Adam?

Tauraron ɗan Adam na'ura ce da ake harbawa sararin samaniya domin ta riƙa kewaya duniya tana aiko da bayanai zuwa tashoshin da ke ƙasa. Iri huɗu ne suka fi shafar aikin agaji:

1. Taurarin yanayi. Suna nisan kimanin kilomita 36,000, kuma tafiyarsu daidai take da juyawar duniya, don haka kullum suna kallon wuri guda. Taurarin Meteosat na Turai suna ɗaukar hoton gajimaren Afirka kowane minti 15 ko ƙasa da haka.

2. Taurarin ɗaukar hoton ƙasa. Waɗannan sun fi kusa, kimanin kilomita 700, kuma su ne ke nuna koguna, fadamu, gonaki da garuruwa.

3. Taurarin sadarwa, masu isar da waya da intanet inda babu turakun sadarwa ko inda ruwa ya lalata su.

4. Taurarin nuna wuri, wato GPS, waɗanda ke bai wa wayar hannu damar faɗin ainihin inda mutum yake tsaye.

Tarihin shigar Nijeriya wannan fage

A shekarar 1999 aka kafa Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, kuma a wannan shekarar ce aka kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA. A watan Satumba na 2003 aka harba tauraron Nijeriya na farko, NigeriaSat-1, daga Plesetsk da ke ƙasar Rasha. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi, kuma ya shiga ayarin taurarin lura da bala'o'i tare da na Aljeriya, Turkiyya da Birtaniya, daga baya kuma na Sin. Hotonsa guda yana ɗaukar faɗin kilomita 600. An yi amfani da hotunansa bayan igiyar tsunami ta tekun Indiya a Disamban 2004, da kuma bayan guguwar Katrina a Amurka a 2005. Ya kammala aikinsa a 2012.

A ranar 17 ga Agusta, 2011 aka harba wasu biyu, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa a lokacin horonsu a Ingila. Dukansu sun wuce wa'adin da aka tsara musu. Saboda haka a yau ana dogara ƙwarai da taurarin wasu ƙasashe. Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ta fara aiki a shekarar 2000, wadda a ƙarƙashinta hukumomin sararin samaniya ke bayar da hotuna kyauta idan babban bala'i ya auku. Haka kuma a 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa shirin UN-SPIDER domin taimaka wa ƙasashe su ci gajiyar irin waɗannan bayanai, kuma NASRDA na cikin ofisoshin da ke tallafa masa.

Kafin bala'i: hasashe da gargaɗi

Kowace shekara kafin damina, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa da yawansa. Ita ma hukumar NIHSA mai lura da koguna tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya. Hukumomin biyu suna haɗa bayanan tauraro da ma'aunin ruwa da ke ƙasa.

Wannan yana da muhimmanci na musamman ga kudancin Jigawa. A arewa maso gabashin jihar, kogin Haɗeja ne ke tumbatsa, ruwan ya bazu ya daɗe a kwance. A yankin Birnin Kudu da Gwaram kuwa, ruwan yana gangarowa ne daga tuddan ƙasar Bauchi da Filato zuwa kogin Bunga, wanda ake kira kogin Jama'are a can gaba. Don haka rafi zai iya cika a Gwaram ko Sundimina alhali ba a yi wani babban ruwa a garin ba. Manomi yana ganin hadarin da ke kansa ne kawai, amma tauraro yana ganin wanda ya haɗu a kan tuddan da ruwan ke fitowa.

Lokacin bala'i: taswirar inda ruwa ya kai

Babbar matsalar ɗaukar hoto a damina ita ce gajimare. An magance wannan da taurarin rada, irin su Sentinel-1 na Turai wanda aka fara harbawa a 2014, kuma bayanansa kyauta ne. Rada tana aika igiyoyinta ne su ratsa gajimare, dare ko rana. Idan sun faɗa kan ruwan da ke kwance, sai su zame su tafi, wurin ya fito baƙi a hoto. Idan masana suka gwada hoton da aka ɗauka kafin ambaliya da na bayanta, sai su fitar da taswirar ƙauyukan da ruwa ya kewaye, da hanyoyin da suka yanke, da tudun da za a iya tsugunar da jama'a. Wannan taswira ce ke taimaka wa NEMA da Hukumar Agajin Gaggawa ta Jiha wajen sanin inda za a fara kai kwale-kwale, abinci da magani.

Bayan bala'i: ƙiyasta asara

Da hotunan tauraro ana iya auna hekta nawa na shinkafa, gero ko dawa ruwa ya shanye. Wannan yana rage gardama wajen rabon tallafi, domin ana iya gwada jerin sunayen da aka kawo daga mazaɓa da abin da taswira ta nuna. Bugu da ƙari, idan aka tara hotunan shekaru da dama, wuraren da ruwa ke komawa kullum sukan fito fili, sai a guji gina makaranta, asibiti ko gidaje a can.

Abin da tauraro ba ya iya yi

Wajibi ne a san iyakar wannan fasaha. Tauraron rada yakan ɗauki kwanaki kafin ya sake bi ta kan wuri guda, don haka ambaliyar da ta zo ta wuce cikin dare ɗaya tana iya kuɓuce masa. Ba ya nuna katangar laka da ta jiƙe tana shirin faɗuwa, ko kwalbatin da ruwa ya zaizaye ta ƙasa. A watan Agustan 2021, wata motar fasinja ta faɗa cikin gadar da ruwa ya karya a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, inda mutane 21 suka rasa rayukansu. Irin wannan haɗari, idon mutanen da ke kusa da saurin kai rahoto ne kaɗai ke iya hana shi.

Abin da ake buƙata daga jama'a da jami'ai

1. Hakimai, dagatai da masu unguwanni su tabbata gargaɗin da ya fito daga hukuma ya isa masallatai, kasuwanni da rugage a ranar da ya fito.

2. Jami'an ƙaramar hukuma su yi amfani da wayar hannu su ɗauki lambobin GPS na gadoji, makarantu, asibitoci da rijiyoyin burtsatse tun kafin damina, domin taswira ta yi daidai da abin da ke ƙasa.

3. Mai kai rahoto ya faɗi sunan ƙauye, mazaɓa, rana da lokaci, tare da hoto idan da hali.

4. Duk wanda ya ga gada ko kwalbati ya karye, ya sanya alama a ɓangarorin hanya biyu, ya kuma sanar da hukuma mafi kusa ko ya kira lamba 112.

5. Manoman fadama su saurari hasashen damina a rediyo, su tuntuɓi malaman gona kafin su zaɓi iri da lokacin shuka.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Tauraro yana bayar da labari daga sama, amma amfanin labarin ba ya tabbata sai ya isa kunnen mai gona da mai gida a kan lokaci, kuma sun yi aiki da shi.